Ƙwaryar Irin Dije

Shekarar da aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, ruwa ya ɗauke mana tun gero bai yi ciki ba. Lokacin ba a yi dam ɗin Watari ba, in damina ta ƙi, shi ke nan. Ni kuwa ina budurwa, ga ƙafa ga baki, ba yarinyar da ta kai ni iya talla a ƙauyenmu. Ba yabon kai ba ne, haka abin yake.

Kada ku ce yunwa ce ta koya mini sata. Tun ana ƙoshi na fara. Ƙuli-ƙulin innata nake ci a hanya, in ce faranti ne ya kife. Daga nan sai ƙwan zabin maƙwabta. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai, wai kada a ɓata da babana. Ko da yunwa ta zo, ta tarar hannuna ya riga ya saba.

A bakin gari akwai Dije, mijinta ya rasu, kurma ce tun haihuwa, da hannu take magana. Ba mai kiran sunanta, Bebiya ake cewa. Biki ko rasuwa ba a gaya mata, sai dai ta ga an taru ta biyo. Zangarniyar da ta fi kyau ta zaɓa don iri, ta ɗaure da kaba, ta rataye inda hayaƙin girki ke korar ƙwari. Ta ci tafasa, ta ci rama, ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta, amma ba ta taɓa irin nan ba.

Ni na taɓa. Da rana tsaka, tana dakan dusa ta ba ni baya, na shiga na fito da irin har da 'yar waƙata. Na ce a raina, wa za ta gaya wa?

A kasuwar Kunci aka kama ni, saura ɗauri ɗaya a hannuna. Wani ɗan garinmu ne ya gane ƙullin kabar Dije. Alƙali ya ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da kika sayar? Daminar mutum ce." Aka kai ni gidan yari a birni. Can na koyi kallon bango, na ga yadda rana ke fitowa ta faɗi ba wanda ya kira sunanka.

Aka sako ni hadari ya fara haɗuwa a gabas. Dije ta share gonarta tas, ba abin shukawa.

Aka taru a ƙofar mai unguwa a kaina. Wasu suka ce a kai ni wurin dangi a Tofa, gari ya huta. Babana ya sunkuyar da kai. Sai ga Inna Tabawa ungozoma da sandarta, ita ta yanke wa rabin mazan wurin cibiya.

Ta ce, "Mai unguwa, kun tambayi mai kayan?"

Ya ce, "Haba Inna, Bebiya me za ta ce?"

"Dije sunanta. Ranar sunan kana nan, kana kuka a ƙara maka waina. Kunnenta ne ba ya ji, ku ai idonku ƙalau. A kira ta."

Dije ta zo da ƙwarya ba komai ciki. Ta nuna ni, ta nuna idonta: ashe ta ga sawuna tun ranar farko. Ta nuna mazan ɗaya bayan ɗaya, ta rufe bakinta da tafin hannu, ta kau da kai gefe. Wallahi ba wanda bai gane ba, cewa take kun daɗe da sani kuka yi shiru. Sannan ta tsaya gaban babana ta miƙa ƙwaryar. Ba ta durƙusa ba.

Babana ya tashi ya nufi gida, ya dawo da iri a hularsa ya zuba mata. Ta matsa gaban na kusa da shi. Mutanen da suka ɓoye irinsu ko matansu ba su san wurin ba, kowa ya je ya ɗebo cikin hannu. Wannan gero, wancan maiwa, ga kaura, ga farfara, ga wake.

Da ƙwarya ta cika, ta juyo ta ɗora ta a hannuna.

Mai unguwa ya ce, "Inna, ɓarauniyar za ta ba?"

Inna ta ce, "Ashe ka fara jin maganarta."

Ruwa ya sauka muka fita. Dije tana gaba da sungumi tana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Cikina na kuka, ƙamshin geron na hawa hancina. Ta ba ni baya kamar ranar nan, in na watsa a baki na tauna ba za ta ji ba. Har muka kai ƙarshen gona ba ta waiwayo ba, ko sau ɗaya. Ni kuma ban ci ƙwaya ɗaya ba. Hawayena dai sun shiga ramukan.

Da kaka gonar ta fito wata iri, wani dogo wani gajere, ja da fari, kowane gida na gane nasa a ciki. Daga ƙauyukan kusa aka riƙa zuwa kallo ana tasbihi. A gonar na koyi maganar hannu, kuma daga shekarar ba a sake yin taro ba a aika wa Dije ba.

Ku 'yan baya, hannu daga ƙuli-ƙuli yake farawa, ku tsawata wa naku tun yau. Kada ku cuci mutum don kun ga ba zai iya kai ƙara ba. Ku kuma manya, shirunku ne ya raka ni gidan yari.

Mai unguwa ya rasu, Inna Tabawa ta rasu, Dije ni na yi mata wanka. Cikin waɗanda suka zauna a ƙofar nan saura Malam Ilu mai ɗinki, wanda ya kawo waken, sai ni. Ƙwaryar tana ɗakina, da ita nake shuka.