Odile da Lambun da Ruwa Ya Ci

Shekara talatin Odile Lambotte ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙaramin gari na bakin kogi a Beljiyam. Da ta yi ritaya, ba miji ba ɗa, sai lambun unguwa ya zame mata dangi. Fili ne a bayan benayen haya, an yanka shi kunya-kunya, kowane gida da tasa. Makullin ƙofar a hannunta yake.

Sai ambaliya ta zo. Ruwa ya fasa tankunan man da ake ɗumama gidaje da shi, ya kwaso ya juye a lambun. Da ya janye, ƙasar ta yi baƙi ƙirin tana warin kananzir. Josiane, ƙawarta da suke musayar iri, ruwan ya ci ta, a ɗakinta da ke ƙasan bene aka tsinci gawarta.

Bayan sanyi hukumar gari ta aiko da takarda: in ba a gyara wurin kafin ƙarshen Mayu ba, za a malala masa kwalta ya zama wurin ajiye motoci. Odile ta bi ƙofa-ƙofa tana roƙo. Wasu sun ƙaura, wasu na fama da bangon da ya ƙi bushewa. Wata mai goyo ta ce mata mutane ba su da wurin kwanciya, ita tana zancen kabeji. Maganar ta soke ta, amma washegari ta ɗauki shebur.

Sai an kwashe ƙasar zurfin gwiwa kafin a zuba sabuwa. Baro ɗaya-ɗaya take turawa cikin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, hannuwanta suka farfashe. Fernand, wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe, ya leƙo ta taga.

"Odile, kabarinki kike haƙa? Ki faɗa mini da wuri in nemo fure."

"Sauko ka auna, tsohon banza. Naka ne."

Ya kuwa sauko, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Sati shida suka yi su biyu. Ranar da sakamakon ƙasar da suka aika gwaji ya iso, aka ce man ya nutse fiye da inda suka kai, duk abin da aka shuka a ciki guba ne. Odile ta zauna a kan baro, takardar na jiƙewa a hannunta, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a jana'izar Josiane.

Fernand ne ya ce tunda ƙasa ta ƙi su, sai su hau samanta. Suka tattaro ƙofofin da ruwa ya lalata, ya harhaɗa akwatuna, suka shimfiɗa leda, suka cika da takin da wani manomi ya ba su. Guda tara suka gama kafin a kwantar da shi a asibiti.

Jami'in hukuma ya zo, ya zagaya, ya yi ta ba ta haƙuri. Kashi biyu cikin uku na filin aka ba motoci. Gida uku kacal suka dawo shuka. Da ta kai wa Fernand latas ɗin farko, ya juya shi, ya ce ya ga wanda ya fi shi a bola. Bai iya haɗiye komai a lokacin, sai ta miƙa wa matar da ke jinyarsa.