Ɗigo Uku a Bayan Faifan Birki

Makon jiya na shiga wani shagon kayan gyaran mota a wajen Bompai, saboda motata ta ɗauko wata ɗabi'a, da na taka birki sai sitiyari ya hau rawa a hannuna. Bakanikena ya ce faifan birki ne ya cinye, wato faifan ƙarfen nan da ke bayan taya, wanda takalman birki suke matsewa mota ta tsaya. Ya ce in bari ya sayo mini. Na ce a'a, wannan kam da ƙafata zan je. Mai shagon ya sauko da kwalaye uku, ya yage ledar ɗaya, sai warin man da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa ya daki hancina. Wallahi sai da na dafa kantar shagon. Warin rigar Babanmu ke nan, kuma warin ranar da na ga babban mutum ya zauna daɓas a ƙasa a gaban maƙwabta, ni ce kuma sanadi.

A Panshekara na tashi. Unguwarmu ba ta bukatar agogo, jiniyar kamfanoni ce ke tashinmu, sai kuma ƙarar kekunan ma'aikata da ke tururuwa zuwa Challawa da Sharada, kowa da ƙullin abincinsa a bayan keke. Da damina, in iska ta juyo daga wajen masu jima, warin fata har cikin tuwo. Mun saba, baƙo ne kawai ke toshe hanci, mu kuwa mu yi ta yi masa dariya.

Babanmu a wata masaƙa yake aiki a Sharada, amma bai taɓa riƙe zare ba. Shi a sashen gyara yake, a kan injin sassaƙa ƙarfe. In wani ƙarfe ya cinye a jikin injin saƙa, shi ake kawo wa ya fitar da sabo. Suna da wata al'ada a sashen nasu: duk wanda ya gama aiki sai ya buga alamarsa a jikin ƙarfen, don in ya lalace a san hannun da ya yi, kada masu aikin safe su jingina wa masu aikin yamma. Alamar Baba ɗigo uku ce, yana buga ta da wata 'yar ƙusa mai tsini, a jere kamar duwatsun murhu. Abin ya bi jikinsa har gida. Marfin tukunyar Inna da ya gyara, ɗigo uku. Sakatar ƙofa, ɗigo uku. Inna takan ce saura yaran nan, wata rana sai ya buga mana a goshi.

Da masaƙar ta rufe, Baba ya samo wani tsohon inji ya kafa a wata rumfar kwano a hanyar Challawa. Aiki bai zo yadda ya zata ba. Yau babu wuta, gobe ga wuta babu aiki. A shekarar ne na san ana iya yin miya babu nama har a manta ɗanɗanonsa. Baba mutum ne mai kunyar zaman banza, sai ka gan shi yana goge injin da babu abin da ya taɓa shi.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya fara zuwa, mai farar shadda da yawan salati. Yakan kawo tsofaffin fayafayan birki cike da bayan a-kori-kura, duk sun yi tsatsa sun cinye. Ya ce wa Baba gindin lemar 'yan tebur da gindin fanka ake yi da su, a sassaƙe masa su fuska biyu su yi ƙyalli. Nama ya dawo miya. Ina tuna ranar da Inna, tana tankaɗe, ta tambayi Baba me ya sa abin da za a kifa a ƙasa sai an goge masa ciki da baya. Baba ya ce shi dai aiki aka ba shi, ba a ba shi tambaya ba. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

To, akwai Baffa, ƙanin Baba, wanda yake da wata doguwar mota da yake jigilar ma'aikatan safe daga Panshekara zuwa Sharada. Makarantarmu tana kan hanya, don haka kujerar gaba tawa ce, ba mai yi mini gardama. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa daga shi har Baba ba mai kiran sunana, sai dai Uwata. Baffa mutum ne mai barkwanci. In na makara sai ya danna hon ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri, tsohuwa ce, ƙafa ta yi nauyi. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma ina jin kaina kamar ni ce mai motar.

Da birkin motar ya fara rawa, Baffa ya kwance faifan gaba biyu ya kawo wa Baba har gida, wai a ɗan sassaƙe masa. Baba ya ciro ɗan ma'auninsa na ƙarfe, mai baki biyu da ake matse abu a tsakani, ya auna kaurinsu, ya girgiza kai. Ya ce sun riga sun yi siriri, in ya ƙara cin su za su tsage ranar da suka yi zafi. Baffa ya ce to zai nemi na hannu, irin waɗanda ake cirowa daga motocin waje, masu tsatsa amma masu nauyi. Nan Baba ya ɗaure fuska.

"Kana ɗaukar 'ya'yan mutane, ga uwarka a kujerar gaba. Ka je ka sayi sabo fil a kwalinsa."

Baffa ba ya musu da yayansa. Washegari ya dawo yana hon tun daga bakin layi, an riga an ɗaura masa sababbi a gareji. Ya shigo da kwalin yana ɗagawa, mai launin ja da rubutun waje. Baba ya duba kwalin ya yi murmushi ya ce yanzu ka yi hankali. Bai leƙa bayan taya ba, don me zai leƙa, abu sabo? Inna ta karɓi kwalin ta zuba daddawa da kuka a ciki.

Ba a rufa wata ba. Wata safiya ce ta damina, an kwana ana ruwa, titi yana sheƙi. Mota cike, muna tafe Baffa yana tsokanar wani Banijare da ke gyangyaɗi a baya. Sai ga tirela ta sako gindi daga ƙofar wani kamfani ba tare da kowa ya tsayar da hanya ba. Baffa ya taka birki da ƙarfi. Na ji wata ƙara, ƙas, kamar an fasa tasa a kan dutse, sai motar ta fizge gefe guda kamar an ja ta da igiya. Abin da na sani bayan nan, bakina cike da gishiri-gishiri, gaban motar ya shige kwalbati, mutane suna ta salati. Na juya na ga Baffa. Bai yi ihu ba, abin da ya fi firgita ni ke nan. Idonsa a buɗe yana kallon ƙafarsa da ƙarfe ya danne, yana cewa a fara fitar da Uwata.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Ni aka yi mini ɗinki a haɓa, tabon yana nan, duk mai kallona da kyau zai gani. Baffa kuwa ƙafar dama ta karye gida biyu, aka riƙe shi a asibiti.

Kwana biyu bayan nan aka jawo motar zuwa ƙofar gidanmu. Da la'asar Baba ya fito da kayan aikinsa, maƙwabta suka kewaye shi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya cire tayar, ya zaro faifan, ga shi ya tsage tun daga baki har tsakiya. Ya auna, ya ɗaga wa mutane su gani. Ya ce wannan ba sabo ba ne, tsoho ne aka sassaƙe aka shafa wa mai aka sa a kwali, ya ma fi wanda ya hana Baffa siriri. Ya ce duk wanda ya yi wannan aiki ba ya tsoron Allah, kuma sai ya nemo shi ko ina yake. Mutane suna ta tsinuwa suna taya shi.

Ni ina zaune a dakalin zaure da bandeji a haɓa. Da ya ɗaga faifan, bayansa ne yake kallona. An shafa masa baƙin fenti a tsakiya, amma rana ta haska wurin, kuma idona ya saba da abin tun ina rarrafe. Ban yi tunanin komai ba, wallahi da murnar na gane abu na faɗa.

"Baba, ga ɗigonka."

Baba ya juya faifan a hankali, ya sa babban yatsa ya murje fentin. Guda uku, a jere kamar duwatsun murhu. Ya daɗe yana kallo. Sai kawai na ga ya zauna daɓas a cikin caɓi da farar rigarsa, faifan a cinya. Innalillahi. Mutumin da ko a tabarma ba ya zama sai an kaɗe. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. A lokacin ne na fahimci abin da bakina ya yi.

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta ce ai na faɗa ba, ba ranar ba, ba kuma bayanta ba. Ta koma ciki ta juye daddawarta a kwano, ta tura jan kwalin cikin murhu.

Washegari Baba ya tafi asibiti, ya ce in biyo shi. Ya tsaya a kan Baffa ya faɗa masa komai, bai rage ba. Baffa ya ce shi sabo aka ce ya saya, sabo kuma ya saya, wanda ya sa shi a kwali shi zai amsa a gaban Allah.

Baba ya ce, "Naka na auna na ƙi. Na ɗan kasuwan nan ban auna ba, don ba na son in sani."

Ɗan kasuwan bai sake dawowa ba, labari ya riga ya kai masa. Wani maƙwabci ya ce wa Baba ai da bai buga alamar ba, babu mai sani har abada. Baba ya ce a duk aikin nan, ɗigon ne kaɗai abin da ya yi daidai. Na yi shekaru ina jin ni na tona masa asiri, sai wannan maganar ce take ɗan sanyaya mini rai.

Daga nan ya ɗauki wata hanya da ba ta ƙare ba har ya bar duniya. Yakan hau kekensa ya bi shagunan kayan gyara, ya roƙi a buɗe masa kwali ya ga bayan faifai. Yakan je tasha ya roƙi direbobi su bari ya cire taya ya duba. Wasu su bari, wasu su kore shi, har aka fara cewa tsohon ya taɓu. Waɗanda ya samu yakan kawo rumfa ya farfasa da guduma. Amma bai san adadin da ya sassaƙa ba, bare ya san saura nawa. In muna cin abinci rediyo ta ce mota ta yi hatsari birki ya tsinke, sai ya tsame hannunsa daga kwano. Baffa kuwa bai ƙara tuƙi ba, ya kafa teburin shayi a ƙofar wani kamfani, yana ɗingishi yana tsokanar masu saye.

Yanzu masaƙar da Baba ya yi aiki ta zama wurin ajiye kaya, jiniya ta daina kuka, yaran yanzu ta waya suke sayen kayan mota, hoto kawai suke gani. Kwalayen ma sun fi na da kyau nesa ba kusa ba, shi ya sa ba na yarda da su.

Mai shagon nan na Bompai ya yi ta yaba mini wani mai ramuka-ramuka, wai shi ake yayi. Na buɗe jaka na ciro ma'aunin Baba, sai ga mai shagon ya saki baki. Na auna kaurin kowanne na gwada da lambar da ke rubuce a gefensa, na ɗaga na ji nauyi, na ajiye mai sauƙin. Wanda na zaɓa na juya bayansa, na sa yatsa ina murzawa. Ya ce, Hajiya, me kike nema a nan kuma? Na ce hannun babana. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Na san waɗancan fayafayan na Baba sun daɗe da narkewa, ba sai an faɗa mini ba, amma yatsan ba ya jin magana.

Da aka ɗaura, na tashi daga gidana da ke Hotoro na nufi Panshekara, don ranar ce nake kai Baffa ganin likitan ƙafa. Ya fito da sandarsa, ya tsufa ƙwarai, ya buɗe ƙofar gaba. Ya ga tayoyin da alamar an taɓa su, sai ya tsaya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Uwata, kin juya bayansa?"

"Na juya, Baffa."

Sannan ya shigo da ɗaya ƙafar, ya ja ƙofa.