Layin Sista Sannu-Sannu

Shekara ashirin da takwas muka yi da ita a ɗakin awo ɗaya, kuma ba na jin an taɓa yin mako guda cur da ba ta ƙona mini rai ba. Gara in faɗi haka tun farko, don mai sauraro ya san bakin da labarin ke fitowa.

Tare muka shiga makarantar ungozoma. Ta girme ni da shekara bakwai, don sai da ta haifi biyu sannan mijinta, wani mai gyaran firji, ya lallaɓa ta ta koma karatu. 'Yar tela ce, babba cikin 'ya'ya tara. Ta taɓa gaya mini tun tana shekara bakwai take danna wa uwarta ƙafa idan ciki ya tsufa, kuma ta kan kwanta da kunnenta a kan cikin tana hira da ƙanin da bai iso ba. Gajeriya ce, mai faɗi, in tana tafiya sai ka rantse ita ma wata tara gare ta. Rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ni ce ta ɗaya a ajinmu shekara uku a jere, ita kuwa sai da ta maimaita jarrabawar ƙarshe. Tun daga lokacin take kirana Ta Ɗaya, kuma har yau ban gano ko yabo ne ko tsiya ba.

Aka tura mu asibiti guda. Ɗakin awon dogo ne, benci shida, sikeli a bakin ƙofa, fanka ɗaya mai kuka, gadaje biyu da koren labule a tsakani. Tebur nawa a dama, nata a hagu. Mace za ta karɓi kati a taga, ta hau sikeli, sannan ta zaɓi layin da za ta bi. Kafin ƙarfe tara layinta ya fita baranda ya kai bakin famfo. Nawa kuwa mutum uku ko huɗu, su ma sababbin zuwa ne da ba a riga an gaya musu ba. Ni suna ce mini Sista Mai Gilashi. Ita kuwa Sista Sannu-Sannu, saboda ba ta barin mai ciki ta tashi daga gado zumbur. Sai ta juya ta gefe, ta sa mata hannu a kafaɗa tana cewa, "Sannu-sannu, 'yata, ba kora ake yi ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu abin da take gaya musu wanda ban sani ba. Mace ta zo da ƙwarnafi, ni zan zauna in yi mata bayanin yadda sinadaran jiki ke sassauta bakin tumbi, har da zane a bayan kati. Ta yi ta gyaɗa kai, ta tashi ba ta ɗauki komai ba. Can ta bayan labule sai in ji muryar Sista Sannu-Sannu: "Maigidan cikin ne ya girma, ya tura tukunyar sama. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, kar ki kwanta da kin gama, ki ƙara filo. Shi ke nan." Sai dariya ta tashi. Mai kukan yawan fitsari, mai baƙin layi daga cibiya zuwa mara, mai tsoron bayan gida ya yi baƙi bayan ta fara shan maganin ƙarin jini, duk haka take sallamar su, kowacce ta fito tana gyara mayafi tana murmushi kamar an ba ta kyauta.

Sai kuma hannun. Kafin ta taɓa ciki sai ta murza tafukanta har su yi ɗumi. Ta lalubo, ta ce, "Ga kai nan ƙasa, ga baya, wannan tudun kuwa mazaunai ne." Ta kama hannun matar ta ɗora, ita ma ta ji. Idan ta kafa ƙahon sauraro a kunne, sai ta riƙe wuyan hannun uwar tana ɗan buga mata bugun zuciyar jaririn da yatsa, tif-tif-tif, daidai yadda take ji. Na ga mata masu haihuwa shida sun zubar da hawaye a kan wannan. Wata rana tana hutu, na ja labule sosai na gwada wa wata. Matar ta janye hannu ta ce, "Sista, sauro ne?"

A shekararmu ta tara aka yi abin da ban taɓa ba kowa labarinsa ba. Wata matar direba, ciki wata takwas, ta zo layina ta ce ƙafafunta sun kumbura. Ran nan na'urar awon jininmu tana ɗakin maza, an ara. Na danna ƙafar, na ce wannan ba komai ba ne, ta riƙa ɗora su a kan kujera, ta dawo mako mai zuwa. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Sista Sannu-Sannu tana dawowa daga wanke hannu. Ta tsaya, ta kama yatsun matar.

"Wannan zoben yaushe ya fara cin ki haka?"

"Kwana uku ke nan, Sista. Ya ƙi fita."

"Kai fa, yana ciwo?"

"Kamar ana sara."

"Ido na ganin wuta-wuta?"

Matar ta ce e. Ban taɓa ganin Sista Sannu-Sannu ta yi gudu ba sai ran nan. Ta dawo da na'urar tana haki. Jinin ya hau ƙwarai, saura ƙiris jijjiga ta kama ta. Aka ba ta gado nan take, bayan kwana biyu aka ciro yarinya, uwa da 'ya lafiya. Da na buɗe rahoto, sai na ga ta rubuta da wannan rubutun kazar nata cewa mu biyu muka lura da alamun. A taron ƙarshen wata likita ya ambaci sunana ya yaba. Tana can ƙarshen benci tana tafa mini. Da ta kai ƙarata, da na san yadda zan yi da ita. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba, sai na daina gaishe ta da kyau har kusan wata biyu.

Da aka ba ni shugabancin ɗakin, abin da na fara shi ne gyaran layi. Na sa aka buga lambobi, mara, wato su ɗaya da uku, a tebur nawa, cika, su biyu da huɗu, a nata. Kwana uku abin ya yi aiki. Rana ta huɗu na leƙa ta taga na ga ana musayar lamba a gindin famfo, wata tana roƙon wata, "Don Allah ba ni takwas ɗinki, ke ai cikin fari ne, Mai Gilashi ma ta iya." Na tattara lambobin na zuba a durowa.

Shekarata goma sha ɗaya da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Kullum hannuna a kan cikin wasu, in koma gida ni da maigidana, malamin lissafi, mu ci abinci shiru. Ita kuwa ta ƙara biyu a kan biyun, duk maza, duk masu ci kamar gara. Ina da shekara talatin da tara, wata safiya mai shara ta zuba maganin goge ƙasa, warin ya juya mini ciki na fita baranda. Sai ga Sista Sannu-Sannu a bayana.

"Ta Ɗaya, yaushe rabonki da ganin al'ada?"

"Ina ruwanki?"

"Babu. Amma kwana biyar ke nan kina barin shayinki, jiya kuma na ga kin yi gyangyaɗi a kan rajista."

Na yi gwaji a ɓoye, layi biyu suka fito. Na zauna a banɗaki ina kuka, rabin kukan na murna, rabin kuwa na haushin cewa ko wannan ma ita ta riga ni sani.

Na rantse ba za ta taɓa cikina ba. Na yanki kati a wani asibitin kuɗi can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Sai dai karatun da nake taƙama da shi ya zame mini masifa. Abin da nake gaya wa mata ba komai ba ne, da ya zo kaina sai in tuna shafin da ke bayansa. Mara ta ɗan ja, in ce ɓari ne. Numfashi ya yi sama a kan bene, in ce zuciya ce. A wata na bakwai, wata rana tun safe ban ji motsi ba har azahar. Na ɗauki ƙaho na shige ɗakin ajiyar magani na murza makulli. A nan na gane abin da ba a rubuta a littafi ba: mutum ba ya iya sauraron cikinsa da ƙaho. Na yi ta lanƙwasa wuya kamar mahaukaciya. Aka ƙwanƙwasa.

"Buɗe. Ni kaɗai ce."

Ta shigo da kofin ruwan sanyi, ta shimfiɗa kwali, ta ce in sha in kwanta ta hagu. Ta murza hannu, ta lalubo bayan, ta kafa ƙahon. Sannan na ji yatsanta a wuyan hannuna, yana bugawa da sauri. Kafin ta ɗago, aka harbe ni daga ciki.

"Barci take yi," in ji ta. "Raguwa ce, ba ke ta biyo ba." Ta ƙara da cewa duk da haka in je a duba da na'ura kafin yamma. Na je. Ban ce mata na gode ba, ita ma ba ta tsaya jira ba.

Saura mako biyu a lissafina, ranar Talata, ina tsaye gaban benci ina yi wa mata darasin safe. Darasin kuwa a kan bambancin naƙudar ƙarya da ta gaskiya ne. Ina cewa ta ƙarya ba ta da tsari, tana lafawa in an huta ko an ɗan zaga, ta gaskiya kuwa daga baya take tasowa ta zagayo gaba, tana ƙara ƙarfi tana ƙara matsowa. Ina gamawa Sista Sannu-Sannu ta jawo ni bayan labule.

"Tun ƙarfe tara nake kallon agogo. Duk minti biyar sai kin yi shiru a tsakiyar magana kin dafa tebur."

"Ta ƙarya ce."

"To, Malama. Ki sake karanta abin da kika gaya musu yanzu."

Na ce a kira maigidana ya kai ni asibitina. Ban kai ƙarshen baranda ba faya ta fashe, a gaban layinta kaf. Da ta duba, bakin mahaifa ya buɗe santimita bakwai. Ta cire safar hannu ta ce, "In kina son haihuwa a cikin mota, ga hanya nan."

Abin da na yi a ɗakin haihuwa ba na son tunawa. Ni da na yi shekaru ina ce wa mata su daina ihu, har mai gadi ya ji muryata. Ta ce kar in yi yunƙuri tukuna, in riƙa huci, na ce mata ta rufe mini baki, wadda ta faɗi jarrabawa ba za ta koya mini haihuwa ba. Ƙananan nas biyu suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ci gaba da murza mini ƙugu da tafin hannu ta ce, "Gaskiya ne, na faɗi. Huci dai." Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ta ce, "Yanzu, Ta Ɗaya, duk ƙarfinki." Kai ya fito da cibiya a wuya, ta zare ta da yatsa ɗaya kamar mai cire sarƙa, ta ɗora mini yarinyar a ƙirji da ɗuminta. Ta tsaya har mabiyiya ta faɗo, ta duba ta ciki da bai, ta murza mini mara har mahaifa ta dunƙule, sannan ta koma ta ƙarasa layinta.

Maigidana har yau in ana hirar haihuwar sai ya ce, "Ai Allah ne ya sa Sista Sannu-Sannu na nan." Kamar ni ba na wurin. Yarinyar ta taso tana kiranta Inna. Yanzu shekararta goma sha biyu, kwanan baya aka tambaye su a makaranta abin da suke son zama, ta rubuta ungozoma. Na ji sanyi a raina har na kai layi na biyu, inda ta sa, "irin Inna."

Bara gwiwa ta kayar da ita, ta ajiye aiki. Ni na rubuta jawabin sallama, shafi biyu, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, shi ya sa ya yi mini wuyar karantawa. Na ɗauka daga nan layi zai zama nawa. Ya zama nawa ɗin, tunda babu wani. Amma na san inda suke biyawa. Gidanta na bayan tashar mota, tana zaune a tabarma da ƙafa a miƙe, mata na shiga da katin da ni na cike, su miƙa mata ta duba ko daidai ne.

Makon jiya wata yarinya mai cikin fari ta zauna a gabana, ta ajiye kati ta ce, "Inna ce ta turo ni. Ta ce jinina ya yi ƙasa, in zo wurinki, wai a harkar magani da lissafi kin fi ta nesa ba kusa ba, ita a bayanki take tun kuna makaranta."

Na gyara gilashi na ce, "Haka ta ce?"

"Wallahi haka ta ce."

Na san don maganar ta dawo kunnena ta faɗa, ta kuma san zan ji daɗi. Na ji daɗin kuwa, har na ƙara wa yarinyar minti goma ina yi mata bayani, ina jin haushin kaina. Da muka gama na ce ta hau gado in auna cikin.