Cannamma da Ƙofar da Ta Kulle Shekara Ashirin

Duk wanda ya saba sayen fure a bayan babbar kasuwar Maisuru, a kudancin Indiya, ya san Cannamma, 'yar siririyar matar nan mai kitsa farin furen malige da zare, wadda ko ciniki take yi hankalinta na gida. Mijinta direban keke mai ƙafa uku ne, babbar mota ta bi ta kansa tun 'yarsu Sumati tana hannu. Ba ta sake aure ba. Sumati sai da ta shekara huɗu ta taka, ta kai bakwai kafin ta haɗa kalma biyu. Jiki ya yi ta girma, hankali ya tsaya a na ƙaramar yarinya.

Tana da shekara goma sha huɗu ta bi masu ganga ta ɓace. Kwana biyu ana cigiya. A bayan tashar jirgi aka tsince ta, ba takalmi, riga a yage, kuma har yau ba ta faɗa wa kowa abin da ya same ta ba. Cannamma ba ta tambaya sau biyu ba, don amsar take tsoro. Kwaɗo ta sayo. Daga ranar, in za ta kasuwa sai ta ajiye mata shinkafa da ruwa, ta kunna talabijin, ta datse ƙofa ta waje. Haka suka yi shekara ashirin.

Zama wuri ɗaya ya sa Sumati ta yi ƙiba har numfashi ya zame mata aiki. Ciwon suga ya shigo, ƙafa ta kumbura, wani gyambo a ɗan yatsa ya ƙi warkewa. Likita ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Cannamma, in yarinyar nan ba ta fara motsa jiki ba, ƙafar nan sai an yanke ta." Shi ya kwatanta mata Yashoda, tsohuwar malamar wasanni, wadda ke tara masu irin lalurar Sumati kowace safiya a lambun unguwa tana koya musu yoga. Ƙanin malamar ma a cikinsu yake.

Cannamma ta je ita kaɗai tukuna, ta leƙa.

"Akka, in ta faɗi fa?" ta tambayi malamar, da sunan da ake kiran yaya mace a can.

"Ciyawa ce, ba rijiya ba."

"Ga maza a cikinsu. In wani ya..."

"Ina da ido," in ji Yashoda, "kuma hannuna ya fi naki nauyi. Kawo ta."

Ranar farko Sumati ta riƙe gefen zanen uwarta ta ƙi saki, hasken rana ma rufe masa ido take. Sai a kwana na biyar ta yarda ta hau tabarma. Cannamma ta ɗan zaga ta sayo zare, ta dawo ta hango su duka kwance rigingine, idanu a rufe, hannuwa a yashe, ba mai motsi. Kwandon fure ya suɓuce mata. Ta ƙwalla ihu, ta tsallake mutum uku ta faɗa kan 'yarta tana jijjiga ta.

Sumati ta buɗe ido ɗaya ta dubi uwarta, wadda take kira Awwa. "Awwa, tafi. Hutawa nake."

Wani dattijo da ya rako jikansa ya yi dariya har da tari. "Ke, kwanciyar gawa sunanta, amma ba a binnewa!"

Cannamma ba ta yi dariya ba.

Wata shida Sumati na zuwa. Gyambon ya bushe. Ta iya tsayawa da ƙafa ɗaya har a ƙirga uku, in ta kife ta tashi tana ƙyalƙyala dariya. Sai Yashoda ta ce ranar Talata za su hau matakalar dutsen Camundi, ɗari na farko kawai, iyaye su jira a ƙasa. Cannamma ta ce sam. Sumati ta ƙi cin abinci kwana guda, dole uwar ta ba da kai.

Sun tafi su goma sha ɗaya. Ana nan sai ga motocin masu ziyara biyu sun sauke jama'a, matakala ta cika maƙil. Da ayarin Yashoda ya sauko, Cannamma ta ƙirga da ido. Goma.

Ba ta tsaya jin bayani ba. Ta yar da takalma ta kama hawa, mace mai shekara sittin da 'yan kai, tana ture mutane tana kiran suna har murya ta dushe. Birai na tsalle a rassa, kowane daji da ke gefen hanya ta leƙa tana jiran ta ga ƙyallen riga. Ƙirjinta kamar ana sukar sa da allura. Abin da ke yawo a kanta ɗaya ne: ni na buɗe ƙofar da hannuna.

Can sama da inda aka ce za a tsaya ta hango ta. Sumati na zaune a gefen matakala, ta naɗe ƙafafu, hannuwa a kan gwiwa, tana jan numfashi tana saki, hawaye na zuba. Ashe biri ne ya fizge mata ayaba, ta ruga sama a guje. Wata mai sayar da ruwan kwakwa a wurin ta ce, "Taki ce? Wani mutum ya yi ta lallaɓar ta wai zai kai ta gida. Ko kallonsa ba ta yi ba. Da na ɗaga addata na tambaye shi sunanta, sai ya sulale."

"Akka ta ce in na ɓace in zauna," in ji Sumati. "Kar in bi kowa. In yi numfashi."

Cannamma ta zube a kan dutsen, ta rungume ta. Da Yashoda ta iso tana haki tana ba da haƙuri, ko kallonta Cannamma ba ta yi ba.

Kwana tara ba su je lambu ba. Kowace safiya Sumati ta naɗe tabarmarta ta tsaya a bakin ƙofa tana bubbugawa da tafin hannu, ba kuka, ba magana, har maƙwabta suka fara tambaya. A rana ta goma Yashoda ta zo da kanta, ta tsaya a waje.

"Laifina ne, ban musa ba," ta ce. "Amma ni da ke duk mun tsufa, Cannamma. Ran da aka wayi gari babu ke, wa kike so a tarar a ɗakin nan? Wadda ta san hanya, ko wadda ba ta sani ba?"

Cannamma ta san wannan tambayar, ita ce take gudu tun ranar da ta haihu.

Sun koma. Tsoron dai bai bar ta ba, kuma ta daina sa ran zai bar ta. Bana jiri ya fara kayar da ita, likita ya hana ta fitar sassafe, don haka matar maƙwabcinsu ke raka Sumati. Cannamma kan zauna a taga da fure a cinya, ta kasa kitsa ko kamu ɗaya, har sai ta ji takun nan mai nauyi a matakalar gida da muryar da ke cewa, "Awwa, yau na kai biyar da ƙafa ɗaya!" Sannan ta tashi ta ɗora ruwan kofi.