Yatsun Baba Sumul

A shagon kafintocin da ke bayan gidan mai, ba wanda ke kiran kawuna da sunansa. Baba Sumul suke ce masa. Ba ya yankan katako, ba ya buga ƙusa, ba ya feshin fenti. Aikinsa guga ne: shi ke bin tebur ko gado ko ƙofa da samfefa har ya yi santsi. In ya gama sai ya rufe ido, ya shafa da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya ce, "Sumul." Kafin wannan kalma ta fito daga bakinsa, ko mai shago bai isa ya fitar da kaya ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan aikin. Da can takardar samfefa yake naɗewa a guntun katako. Da aka fara kawo soson guga, wato guntun soso irin na katifa da aka manne wa yashi a jiki, sai da ya yi wata guda yana hararar abin. Daga baya ya zama ba ya rabuwa da shi, don yana lanƙwasawa ya shiga lungun ƙafar kujera, inda takarda ke karyewa. Iri uku yake ajiyewa: mai kaushi na cin ɗanyen katako a bushe, matsakaici, da mai laushi wanda ake jiƙawa a ruwa a bi fenti na ƙarshe da shi. Akwai lamba a bayan kowanne, amma kwana biyu a bokiti ta goge, dukkansu su koma toka-toka. Kawu bai taɓa kula lamba ba. Babban yatsa yake ɗorawa ya gane.

Mai feshi, abokin tsokanarsa, yakan ce, "Tsoho, kai ko sata ka yi ba mai kama ka. Ka goge zanen yatsunka tas."

"Da zan yi sata," in ji Kawu, "da bakinka zan fara sacewa, shago ya huta."

Ciwon suga ne ya zo masa ta ƙafa, sannan ya hau hannu. Ranar da na ɗauko shi a babur daga asibiti ya ce in tsaya a gindin wata bishiya. Ya daɗe yana kallon tafukansa.

"Ɗan nan, kamar na sa safar hannu ta roba. Ina ganin na taɓa abu, amma labarin ba ya iso ni."

Na ce ko zai gaya wa mai shago.

"In ce masa me? Mai guga ba yatsu, ai makaho ne a bakin rijiya. Ka yi shiru da bakinka."

Ban gaya wa kowa ba. Inna, matarsa, ita ma ta sani, don ita ke ɓalla masa maɓallin riga, kuma ta taɓa ƙwace kofin shayi daga hannunsa bayan zafi ya riga ya tayar masa da fata bai ji ba.

Dabara ya yi. Ya jera sosunan a gefen benci, mai kaushi a hagu, mai laushi a dama, ya hana kowa taɓawa. Sauran kuma ya bar wa ido da kunne, don kowane soso da irin kukansa a kan katako. Wata biyar yana rufe ido yana shafa kaya yana cewa "Sumul," ba wanda ya gane cewa hannun ba ya jin komai.

Sai aka kawo aikin wani babban tebur na mutum goma sha biyu, baƙi wuluk, wanda ake so mutum ya ga fuskarsa a ciki. Kwana shida ana fesawa ana jira ya bushe. Ranar gugar ƙarshe, Kawu ya iso da safe ya tarar benci wayam.

"Na wanke maka 'ya'yanka, tsoho," in ji mai feshi. "Duk sun toshe da ƙura. Suna cikin bokiti. Ba godiya?"

"Na gode," in ji Kawu.

Ya tsuguna. Mai kaushi bai ɓuya ba, ido ma ya gane shi. Sauran biyun suna yawo a ruwa, kala ɗaya, girma ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan wannan, ya ɗora a kan wancan. Mutum huɗu ne a shagon, kowannensu zai iya gaya masa cikin ƙiftawar ido. Ya ce da ni daga baya har ya buɗe baki, sai ya tuna shi ya koya wa uku daga cikinsu yadda ake riƙe soso.

Ya ɗauki ɗaya. Injin feshi na ta ruri a bayansa, kunne bai taimake shi ba. Ya zuba ruwa, ya bi teburin a hankali, kai da kai. Shi kuwa ruwa munafuki ne: muddin fenti na jiƙe, komai sheƙi yake yi. Ya share, ya rufe ido, ya shafa.

"Sumul."

Da iska ta busar da teburin, sai zane ya fito, siriri-siriri, dubbai, kamar kyanwa ta yi dambe a kai. A gefuna ma har soson ya cinye baƙin ya taɓo farin da ke ƙasa.

Mai shago, wanda Kawu ya goya a kafaɗa tun mahaifinsa na da rai, ya zagaya teburin sau biyu.

"Baba, wa ya yi wannan?"

Mai feshi ya yi wuf ya ce, "Laifina ne, Oga, ni na haɗa masa..."

"Bari," in ji Kawu. Ya miƙa hannuwansa biyu, ruwa na ɗiga. "Sun mutu tun damina. Ba sa ji."

Ba wanda ya yi faɗa. Kawu ya ce da ma an yi, da ya fi masa sauƙi. Washegari aka ajiye masa kujera a ƙofar ɗakin kaya, aka ba shi makulli. Har yanzu Baba Sumul suke ce masa, amma kaya na wucewa ta gabansa zuwa mota ba mai tsayawa.

Ran Asabar na je gidan na same shi a tsakar gida da bokiti da guntun katako. Inna ta ɗaura wa soso mai laushi jan zare. Ya goga, ya share, ya jira ya bushe, sannan ya miƙa mata.

"Taɓa ki ji. Ya yi?"

Ta shafa. "Ya yi sumul, Malam."

"Haka kika ce jiya."

"To jiyan ma ya yi."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya san ba ɗayanmu da zai ce masa bai yi ba. Sai ya karɓi katakon ya kai kumatunsa, ya rufe ido, yana jan sa a hankali a kan furfurar gemunsa. Muka jira. Ya sake tsoma soson a ruwa.