Na Buɗe Ambulan ɗin Abokina

Da ana maido da rana, akwai wata Laraba da zan roƙa a maido mini, ranar da na zuba garwashi a dutsen guga ba don in goge rigar kowa ba. Ban taɓa fasa shago ba, ban taɓa tare hanya ba, amma na yi sata, kuma wanda na yi wa ita shi ne mutumin da ya fi kowa yarda da ni. Shekaruna sun ja, bokona kaɗan ne, zan faɗa muku abin yadda ya faru.

Ni tela ne. Na zo Arlit daga ƙasar Maraɗi ina saurayi, a bayan kamiyon hatsi, na kafa kekena kusa da tasha ina gyaran kayan aikin ma'aikatan ma'adinai. A hankali mutane suka fara bar mini ajiya. Direban da zai nufi Asamaka ya bar takardun gidansa, mai tafiya neman zinariya ya bar makullin ɗakinsa. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin keke, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa dawowa ya ce abinsa ya ragu.

Abokina shi ne Alhaji Mamman, Babarbare daga Damagaram. Ni kuwa Bafillace ne, don haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Yakan leƙo ya ce, "Bawana, an ɗora shayin ko sai na yi fushi?" Ni kuma in ce masa bawa ba ya tambayar ubangidansa. Kullum bayan la'asar muna zaune a inuwar shagona, motocin ma'aikata suna wucewa, muna shan shayi har kofi na uku. Har yau idan la'asar ta yi nakan ɗaga kai in dubi inda yake ɓullowa.

Sana'arsa ita ce kai kayan miya ga wani kamfani mai ciyar da ma'aikata. Yana saye daga masu garka na Abzin, tumatir da dankali da albasa, direbobinsa su kawo. Daga baya aikin duk ya koma cikin intanet. A can ake aiko masa da abin da ake so, a can yake amsa cewa ya karɓa, kuma idan lokacin amsawa ya wuce sai a ba wani. Wata rana ya zo da ambulan a liƙe, ya sa hannu a kan bakinsa. Ya ce a ciki akwai kalmar sirrin shiga, da wani sim na salula wanda ta kansa ake aiko sabuwar kalma idan tsohuwar ta ɓata. Ya ce ƙirjinsa yana damunsa, hanyar Agadas kuma ba ta da tabbas, yana so idan wani abu ya same shi 'yarsa Hadiza ta karɓa ta ci gaba, kada aikin mutane ya tsaya.

Na tambaye shi me ya sa bai kai wa notar ba, wato ma'aikacin shari'a mai ajiye irin waɗannan takardu. Ya yi dariya ya ce, "Notar ya iya karatu. Kai kuwa ko an buɗe maka ba za ka gane komai ba, wa ya fi ka dacewa?"

Wasa yake, na sani. Amma maganar ta zauna mini. Farkon kuskurena ƙarami ne, bakina ne. Na fara faɗa a fada, wurin da muke taruwa hira, cewa duk arzikin Alhaji Mamman a ƙarƙashin kekena yake kwana. Ina so a san ni ma wani ne.

Cikin masu ji akwai Illa, wanda shi ma yake harkar kayan miya, kuma ya daɗe yana neman aikin da ke hannun Mamman. Ya fara kawo mini ɗinki, yana yaba hannuna, yana cewa mutum kamata bai dace ya tsufa yana taka keke da ƙafa ba. Ya yi mini alkawarin keken lantarki da ɗinkin rigunan ma'aikatansa. Abin da yake so, in ji shi, kallo ɗaya ne kawai, ya ga farashin da Mamman yake sawa don ya gyara nasa. Ya rantse ba zai taɓa komai ba. Na ƙi sau biyu. A na uku na ce zan yi tunani, alhali na riga na gama tunanin.

Ranar Larabar nan na jiƙa tsumma, na ɗora a bakin ambulan, na danna dutsen guga har gam ya saki. Illa ya ɗauki hoton takardar da salularsa. Na mayar na liƙe, na daidaita sa hannun Mamman kamar yadda nake daidaita zanen yadi a kafaɗar riga. Na yi aikin da kyau har na ji daɗin gwanintata. Da la'asar Mamman ya zo, na zuba masa shayi kamar kullum.

Bayan wata biyu ciwon ya kayar da shi, aka wuce da shi asibiti a Yamai. Kashegari Illa ya zo ya ce in ara masa sim ɗin na awa ɗaya. Na ce ba haka muka yi ba. Ya dube ni ya ce to, ko ya nuna wa Hadiza hoton takardar, ta tambaye ni ta ina ya samu? Na sake buɗewa na ba shi. Ya dawo da shi kafin azahar. Ban san ya canza kalmar, ya kuma mayar da komai kan lambar wani ɗan'uwansa ba, amma ba zan ce ban yi zargi ba.

Ran Litinin Hadiza ta zo. Yarinyar da na ɗinka wa rigar makaranta tun tana aji ɗaya, yanzu ta zama babbar mace. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ya ce ta karɓi ajiyarsa, akwai babban aiki da ya shigo wanda dole a amsa kafin azahar ɗin Alhamis. Na miƙa mata, ta yi godiya har da addu'a.

Da yamma ta dawo ta ce kalmar ta ƙi, sim ɗin ma ba abin da ke shigowa. Ta ce, "Baba Tela, ko akwai wata takarda da ya ba ka daban?" Na ce babu. Ta sake zuwa Talata, ta sake zuwa Laraba. Ta nemi kamfanin ya buɗe mata ta wata hanya, aka ce sai mai aikin da kansa ko takardun da za su ɗauki makonni. Da na buɗe baki a cikin kwanakin nan uku na ambaci sunan Illa, da an kama shi, da an maido komai a kan lokaci. Na zauna ina taka keke, ina kallonta tana kai da kawowa a kan kabu-kabu cikin rana. Kunya nake ji, kuma na fifita kunyata a kan abincin gidaje da yawa.

Alhamis ta wuce, aikin ya koma hannun Illa. Kamiyo biyu na tumatir da suka riga suka sauko daga duwatsun Abzin suka lalace a tasha. Na ga wani dattijo mai garka, rawaninsa ya rufe masa rabin fuska, yana tsaye yana kallon ana zubar da wahalarsa ta wata uku. Direbobin Mamman suka watse, wasu suka tafi Cirozerin neman ɗaukar gawayi.

Hadiza ba ta bari ba. Ta kai ƙara, jandarmomi suka bi lambar har gidan ɗan'uwan Illa, Illa kuma bai ɓata lokaci ba wajen kiran sunana. Aka yanke mini shekara biyu a gidan kaso. Keken lantarkin ban taɓa ganinsa ba.

Ina ciki da wata huɗu aka ce ina da baƙuwa. Hadiza ce, ta zo ta shaida mini Mamman ya rasu a Yamai. Na tambaye ta me ya ce a kaina. Ta ce ranar da ta gaya masa a waya kalmar ta ƙi, faɗa ya yi mata, ya ce ita ce ba ta rubuta daidai ba, abin da ya kwana a wurin Bafillacensa ba ya canzawa. Ta ce, "Har ya rasu ban gaya masa ba. Da ya tambaye ka, cewa na yi ka tafi Maraɗi ganin gida. Ba don kai na yi ba, don shi na yi."

Da ya sani ya zage ni, da na sami inda zan durƙusa in nemi gafara. Ya tafi yana yabona, kuma wannan ya fi kason nauyi.

Na fito, na tuba ga Allah, na je gidansu na roƙi iyalinsa. Sun amsa sallamata, ban nemi fiye da haka ba. Ina nan Arlit ina facin wanduna, ba wanda ke bar mini ajiya, kuma daidai ne.

Ku samari da 'yan mata, yanzu sana'o'inku duk a bayan kalmar sirri suke, kuma gaskiya ne ya kamata a ajiye ta wurin wani don kada aiki ya mutu da mai shi. Amma ku yi a rubuce, a gaban shaidu, ku riƙa zuwa kuna gwadawa ko tana aiki, ku canza ta lokaci lokaci. Wannan ba rashin yarda ba ne, taimako ne ga wanda kuka ba. Idan kuma kai aka ba, kada ka faɗa a fada, kada ka leƙa ko sau ɗaya. In har ka riga ka leƙa, tashi ka je ka faɗa wa mai ita yau, yana da rai, yana iya jin ka. Ina roƙonku don Allah kada ku yi irin shirun da na yi.