Ranar da Na Buɗe Bayan Kyamara

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku, har in koma ga Allah ba zai bar zuciyata ba.

Jikata ce ta zo mana daga Ankara, babban birnin Ghana, inda take sana'ar hoto. Ta zo da wata tsohuwar kyamara da fim baƙi-da-fari, mai araha. Wai so take ta gwada shi a kanmu kafin ta ɗauki mutanen kirki da shi.

"Au, mu ba mutanen kirki ba ne ke nan?" in ji Malam, maigidana.

"Angona, kai na gwaji ne. Gyara hularka."

Shekara hamsin ina tare da shi, bai taɓa tsayawa hoto ba sai na katin shaida. Amma ranar nan ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna kusa da ni a tsakar gidanmu na unguwar Alabar a Kumasi, har da murmushi. Ta yi ta ɗauka. Da za ta koma, ta rataye kyamarar a ƙusa cikin ɗakina, ta ce fim bai ƙare ba, in ta dawo za ta cike shi a wanke.

Ba ta dawo don hoto ba. Gaisuwar mutuwa ce ta dawo da ita, don bayan sati biyu Malam ya cika.

Aka yi sadakar bakwai, kowa ya watse. Ɗana ya koma garejinsa a unguwar Suame, jikar ta koma Ankara. Sai ni kaɗai cikin takaba, ba fita, ba mai cewa in miƙo masa buta. Da safe sai in ga na zuba koko kofi biyu. Abin da ya fi tsorata ni, in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai ta ƙi zama.

Wata hantsi na ɗaga kai na ga kyamarar. Na ce ai Malam yana ciki. Yara na taɓa waya hoto ya fito, to wannan ma haka ne mana. Ni ban yi boko ba, ba wanda ya taɓa gaya mini haske yana cin fim. Na fito tsakiyar rana don in gani da kyau, na yi ta jan wani ƙarfe har bayan kyamarar ya buɗe. Ba Malam. Wata leda ce kawai mai launin toka. Na duba, na sake dubawa, na rufe.

Ranar sadakar arba'in na gaya wa jikata.

Ta dafe kai. "Ei, Kaka! A rana?"

"A rana. Ban gan shi ba."

Ba ta yi mini faɗa ba. Kuka ta yi, sai a nan na gane abin da hannuna ya aikata.

Ta tafi da fim ɗin aka wanke, bayan wata guda ta dawo da hotunan cikin ambulan. Duk na babbar riga sun ƙone fat. Guda ɗaya ya tsira, na farkon da ya naɗe can ciki, wanda ta ɗauka don gwaji tun kafin mu shirya. Malam ne a kan kujerarsa da singileti, ya waiwayo yana kiran wani, baki a buɗe. Hoton da ɗan dishi-dishi, jikata ta ce halin fim mai araha ne. Ni kuwa na san wa yake kira. Da wannan fuskar yake kirana shekara hamsin.

Jikar tana Ankara, har yau da irin fim ɗin nan take aiki. Ɗana ya yi jikoki a Suame. Malam yana makwancinsa, Allah Ya haskaka masa. Ni ina nan Alabar, hoton na rataye a ƙusar da kyamarar ta zauna.

Abin da na koya, in kewa ta matsa maka, tambayi wanda ya sani kafin ka buɗe abin da aka rufe. Da na jira, da ina da murmushinsa. Yanzu kiransa nake da shi, kuma kullum na wuce sai na amsa.